Ko Kun Sani?

Akwai mujallun bincike da ba sa karɓar ko kwabo daga marubuci, mai karatu ma ba ya biya. Ɗaya daga cikinsu ita ce Studies in African Linguistics, wadda aka kafa a jami'ar UCLA ta Amurka a 1970. Russell Schuh, wato Malam Takalmi, ya daɗe yana editanta a baya, kuma a cikinta Paul Newman ya fitar da nazarinsa kan giredin aikatau na Hausa a 1973. Yau ɗalibi a Orozo zai sauke wannan maƙala a wayarsa, kuɗin data kawai zai kashe. To, wa ke ɗaukar nauyi? Galibi jami'o'i da ɗakunan karatunsu, sai malaman da ke tantance maƙalu ba lada.