Gyaran Keke Mai Giya na Gwanjo Domin Zuwa Aiki

Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin abin hawa ya zama babban nauyi a kan albashin ƙaramin ma'aikaci, musamman malamin da aka tura makarantar da ke nesa da gidansa. Wannan ya sa keke ya sake samun daraja. Daga cikin kekunan da aka fi samu a wurin masu sayar da na gwanjo akwai wanda ake kira keke mai giya, wato keken hawan tsauni. Yana da sauƙin kuɗi, sai dai ba safai ake samunsa da cikakkiyar lafiya ba, kuma tun asali ba domin zuwa aiki aka ƙera shi ba.

An faro irin wannan keke ne a shekarun 1970, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu matasa irin su Joe Breeze da Gary Fisher suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna tseren gangarowa daga kan tsauni. A shekarar 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper, wanda yake cikin na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. Ke nan keken wasa ne. Shi ya sa yake da tayoyi masu faɗi da kaushi da giya barkatai, amma babu kariya, babu murfin taya mai tare taɓo, saɓanin Raleigh ko Phoenix da iyayenmu suka saba ɗora wa buhun hatsi. Aikin mai saye iri biyu ne: ya warkar da abin da ya lalace, sannan ya mayar da keken wasa ya zama na aiki.

Gyara yana farawa ne tun a wurin ciniki, domin akwai lahanin da ba ya gyaruwa. Firam shi ne ƙashin bayan keke, don haka a duba mahaɗunsa da kyau, musamman ƙarƙashin wuya da wurin da feda take. Idan fenti ya tattare ko ya tsage a bayan wuya, alama ce an taɓa yin karo da keken. Yana da kyau a je da ɗan maganaɗisu. In ya kama, firam ɗin ƙarfe ne, kuma kowane mai walda zai iya ɗinke shi ranar da ya tsage. In bai kama ba, galibi alminiyom ne, wanda ya fi rashin nauyi amma waldarsa sai ƙwararre mai na'ura ta musamman. Ga mai zama a ƙauye, na ƙarfe ya fi. Haka kuma a sassauta sandar sirdi a gani ko tana motsi, domin wadda tsatsa ta like na iya cinye yini guda ba ta fita ba. Shi kuwa keken da aka ƙawata da sifirin gaba da baya, ya fi ɗaukar ido a kasuwa, amma a ƙaramin farashi nauyi kawai yake ƙarawa, yana kuma shanye ƙarfin mai tuƙi. Gara a bar shi.

Da an kawo keke gida, sai a fara da birki, domin shi ne abin da rai ya rataya a kansa. Robar birki takan bushe ta ƙandare ko da ba ta cinye ba, saboda haka sauya ta ya fi, tare da duk wayar da ta yi tsatsa ko ta fara warwarewa. A daidaita robar ta sauka a kan gefen rim sosai, kada ta goga taya. Kada mai ko giris ya taɓa wannan wuri ko kaɗan.

Sarƙa da giya su ne suka fi wahalar da sabon mai keke. Tazarar da ke tsakanin kowace ƙusa ta sarƙa da mai bi mata rabin inci ce, wato tazara 24 za ta ba da inci 12 daidai a sabuwar sarƙa. Idan aka aza rula aka ga ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin sauya ta ya yi. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, to ta riga ta cinye haƙoran giyar baya, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa tsallake a kansu, sai an sauya su tare. Wanda ya yi jinkiri a nan yakan biya kuɗi ninki biyu. A jikin ƙarfen da ke sauya giya akwai ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L. Su ne ke iyakance tafiyarsa, kuma na L ne ke hana sarƙa faɗawa cikin wayoyin taya, haɗarin da kan karya ƙarfen ya kuma kayar da mahayi. Yawancin waɗannan kekuna suna da giya 18 ko 21, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano ko Katsina uku ko huɗu sun wadatar. Idan ƙarfen giyar gaba ya lalace, babu laifi a cire shi a bar sarƙa a faifan tsakiya.

Masu gyara da dama kan shafa wa sarƙa baƙin mai saboda arha. Wannan kuskure ne, domin da ƙurar hunturu ta haɗu da shi sai ya koma kamar samfefa yana cin ƙarfe. A wanke sarƙa da kananzir, a bari ta bushe, a ɗiga mata mai marar kauri irin na keken ɗinki, sannan a goge na waje da tsumma. Boris ɗin tayoyi da na feda kuwa giris suke so. Mai kwance feda ya tuna cewa ta hagu a juye take, ana kwance ta ne ta ɓangaren da ake ɗaure ta dama.

Game da taya, girman da aka fi samu a tsofaffin kekunan nan inci 26 ne, kuma ana rubuta shi a gefenta, misali 26 x 1.95. Tayar Phoenix mai inci 28 ba ta shiga. Mai bin kwalta zai ji sauƙi ƙwarai idan ya sa taya mai santsin tsakiya, amma mai ratsa rairayi da burji ya riƙe mai faɗin. Babban abokin gabar tub shi ne ƙaya, musamman tsidau, sai kuma ƙarancin iska, wanda ke sa rim ya cije tub a bakin rami. A bi adadin iskar da aka rubuta a jikin taya, a kuma shafa cikinta da yatsa kafin a mayar da tub bayan faci, domin ƙayar da ta huda sau ɗaya tana nan tana jiran na biyu.

Abin da ya rage shi ne kayan aiki: kariya domin littattafai da takardun ɗalibai, murfin taya saboda damina, ƙararrawa, fitila fara a gaba da ja a baya, da kwaɗo mai ƙarfi. Masu babbar riga ko wando mai faɗi su ɗaure ƙafar dama, tunda sarƙar wannan keke a buɗe take. Sirdi kuma a ɗaga shi yadda idan dunduniya tana kan feda a can ƙasa ƙafa za ta miƙe, amma kada a wuce layin iyaka da aka zana a jikin sandarsa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gwiwa bayan 'yan makonni, sai mutum ya ɗora laifin a kan nisan hanya.