Kalmomin Likitanci Game da Hanta da Maɗaciya

Mafi yawan kalmomin da likitocin zamani suke ambaton hanta da cututtukanta da su sun samo asali ne daga Girkanci. Ɗalibin da ya ɗauke su dogayen sunaye ne waɗanda sai an hardace zai sha wuya. Amma wanda ya gane cewa kowace kalma ginanniya ce daga 'yan gutsattsari, to, ya sami mabuɗinsu.

Alal misali, saiwar "hefat" tana nufin hanta, ɗafa-ƙeyar "ayitis" kuwa kumburi. In an gama su sai a sami "hefatayitis", watau kumburin hanta. Haka kuma "kole" shi ne ruwan ɗacin nan da hanta take yi domin narkar da maiƙo a hanji, "sist" jaka ce, "lit" tsakuwa, "ektomi" kuwa cirewa ta hanyar fiɗa. Ke nan "kolesist" ita ce jakar ruwan ɗaci, "kolesistektomi" cire ta, "kolelitiyasis" kuwa taruwar tsakuwa a cikinta. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin shi ma ɗafa-goshin "ma" ya liƙa wa "ɗaci" ya sami maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama.

Inda harsunan suka saɓa shi ne kan kalmar shawara. Ga mutanenmu shawara sunan cuta ce, amma ga likita alama ce kurum: idanu su yi ruwan ɗorawa saboda wani launi mai suna bilirubin ya taru a jini. Dalilansa suna da yawa. Ko dai ƙwayar cuta ta kama hanta, ko tsakuwa ta toshe hanyar ruwan ɗaci, ko jajayen ƙwayoyin jini su yi ta fashewa, kamar yadda yakan faru ga mai sikila. Bugu da ƙari, ciwon hanta nau'in B, wanda yake da allurar rigakafi, da nau'in C, wanda aka gano ƙwayarsa a 1989, sukan yi shekaru suna cin hanta ba tare da ido ya sake launi ba.

Saboda haka tafinta ko malamin asibitin da ya ce wa majinyaci "shawara ce" ya yi shiru bai gama aikinsa ba. Mai yiwuwa ne mutumin ya koma gida yana ta shan jiƙo, alhali fiɗa yake bukata. Wajibi ne a faɗa masa abin da ya kawo shawarar, da Hausar da zai fahimta.