Zakin Da Ke Bayan Gingimari: Me Yake Faɗa Mana?

Duk wanda ya tsaya bakin hanya mai lamba 11, wadda ta taso daga Damagaram ta ratsa Bande zuwa Magariya, ya saba ganin manyan motoci ɗauke da wake, gyaɗa ko awaki sun nufi iyakar Najeriya. Da yawanmu kuɗin dako kawai muke tambaya, ba ma duban zanen da ke jikin bodin. Alhali kuwa zanen nan magana yake yi.

Mu ɗauki zaki. Idan mai zane ya wangale masa baki, ya shafa wa idanunsa jan fenti, ya sa barewa a ƙarƙashin faratansa, to mai motar habaici yake yi wa mahassada da abokan hamayya a tasha. Shi ya sa sau da yawa za ku ga an rubuta "Hassada ga mai rabo taki ce" a ƙasansa. Idan kuwa zakin a kwance yake, rana na faɗuwa a bayansa, mu a ganinmu wannan mutum ne da ya sha wuya kafin ya mallaki mota, yanzu zaman lafiya kaɗai yake nema.

Sai dai 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota guda, mu yi hattara. Zane yana nuna zuciyar mai mota ne a ranar da ya biya mai fenti, ba ya nuna lafiyar birki da taya. Mu sha kallon zaki, amma kafin mu loda buhunanmu, mu leƙa ƙarƙashin motar.