Nazarin Adabin Ƙaura a Jami'a: Batun Kalmomi da Mai Ba da Labari

Abu na farko da ya kamata ɗalibin adabin ƙaura ya daidaita shi ne kalmomi, domin Bahaushe bai haɗa masu barin gida a suna ɗaya ba. Hijira ita ce fita don tsare addini, kamar ta Shehu Usmanu daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, ko ta Sarkin Musulmi Attahiru wanda aka kashe a Burmi a 1903, sauran jama'arsa suka zarce gabas har suka kafa Mai Wurno a Sudan. Ɗan ci-rani kuwa ya san ranar komawarsa, watau faɗuwar damina. Bawa kuma ba shi ya tafi ba, tafiya aka yi da shi.

Wannan na ƙarshe shi ne jigon Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da aka yi a Zariya a 1933. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare hamada da shi, ya yi karatu, ya komo ya zauna Rauta yana malanta. An daɗe ana karantar da littafin a kan labarin haƙuri da yarda da ƙaddara, kuma ba a yi kuskure ba. Amma malamin da ya tsaya nan ya bar rabin aikin. Umar ne ke ba almajiransa labari, bayan ya tsira ya sami daraja. Uwarsa fa, wadda ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita har Tarabulus, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi? Wahalarta ta fi tasa, amma ta bakinsa kaɗai muke jin ta. Lalle ne a tambayi ɗalibai yadda littafin zai kasance da ita ce mai magana.

Kwatanci na taimakawa. A Rijal fi al-Shams na Ghassan Kanafani (1963), Falasɗinawa uku sun ɓuya cikin tankin motar ruwa don su shiga Kuwait daga Basara, zafi ya kashe su yayin da aka tsare direba da surutu a kan iyaka. A nan babu wanda ya tsira daga cikinsu balle ya ba da labari. Direban da ya zubar da gawawwakinsu ne aka bari da tambaya.

Ba abin wasa ba ne wannan a aji. Tun rikicin Boko Haram na 2009 jama'a da yawa sun gudu zuwa Maiduguri da Difa da sansanin Minawao na Kamaru, kuma mai yiwuwa ne a sami wanda ya yi wannan gudu zaune cikin ɗalibai. Kada malami ya tilasta masa faɗin nasa. Littafin ake nazari.