Hakeem Olajuwon: Dogon da Ƙafafunsa Suka Fi Tsawonsa Aiki

Ƙwallon kwando wasa ne da ƙungiyoyi biyu masu mutum biyar-biyar ke bugawa da hannu, kowace tana ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin zobe mai raga da aka kafa a tsayin mita 3.05, kuma wannan tsayi ne ya sa mutane ke ɗauka cewa wasan na dogaye ne kawai. A ƙasar Arewa ta Nijar, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri da Ɗan Kassari, inda kokawa da ƙwallon ƙafa suka cinye filayen wasa, ba kowa ya san cewa ɗaya daga cikin manyan gwanayen wannan wasa a duniya ya fara nuna kansa ne a tsallaken iyaka, a wata gasar makarantun horar da malamai da aka yi a Sakkwato.

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas ranar 21 ga Janairun 1963, a gidan Yarbawa Musulmi masu sana'ar sayar da siminti, ya kuma taso yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana buga ƙwallon hannu, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya kai kimanin shekara 15. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka, kuma a 1984, ranar da ƙungiyoyin NBA, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙasar, suka zaɓi sababbin 'yan wasa, shi Houston Rockets ta ɗauka na farko, yayin da Michael Jordan ya zo na uku.

An rubuta tsawonsa mita 2.13, amma dogaye irinsa ba su da wuyar samu a NBA. Abin da ya bambanta shi shi ne ƙafa. Dokar wasan ta hana mai riƙe da ƙwallo ya yi tafiya da ita ba tare da buga ta a ƙasa ba, sai dai ya dasa ƙafa ɗaya ya riƙa juyawa a kanta, kuma cikin wannan ɗan sarari Olajuwon ya gina salon da ake kira Dream Shake. Yakan ba kwando baya, ya karkata kafaɗa dama har mai tsaronsa ya zuba nauyinsa can, sai ya juya hagu ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, abokin hamayya ya yi tsalle a banza, shi kuwa ya sunkuya ta ƙarƙashin hammatarsa ya zura ta a hankali. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan kokawa yana jan abokin karawarsa har nauyinsa ya taru a ƙafa ɗaya kafin ya kwashe ta, ba ya buƙatar dogon bayani. A gasar 1995 haka ya riƙa yi wa David Robinson na San Antonio, wanda a shekarar ne aka ba shi kambun gwarzon gasar.

Saurin mai tsaron gida ya bi shi zuwa tsaro, inda ya tare ƙwallo 3,830 a iska kafin su isa kwando, adadin da babu wanda ya kai tun da aka fara ƙididdige wannan aiki a kakar 1973 zuwa 1974. A 1994 ya kai Houston ga kofinta na farko bayan wasa bakwai da New York, ya kuma haɗa lambobi uku a kaka ɗaya: gwarzon gasa, gwarzon tsaro da gwarzon wasannin ƙarshe. A 1995 ya kare kofin da lallasa Orlando ta Shaquille O'Neal sau huɗu a jere. Masu ƙorafi sukan ce kofunan biyu sun zo ne a lokacin da Jordan ya yi ritayar wucin gadi, sai dai sukan manta cewa Jordan ya dawo a 1995, kuma Orlando ɗin ce ta fitar da ƙungiyarsa.

Addini ya ƙara kama shi a tsakiyar aikinsa, har ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem a 1991, kuma yakan yi azumin Ramadan ko da wasa ya faɗo da rana, ya yi ta gudu ba tare da kurɓar ruwa ba. A Fabrairun 1995, watan da ya dace da azumi, shi aka zaɓa gwarzon wata. Ya ci zinare da tawagar Amurka a Olamfik ta 1996, ya ajiye wasa a 2002 da maki 26,946, sannan ya shiga cinikin filaye da gidaje da kuɗi hannu domin guje wa riba. Bayan shekaru, Kobe Bryant da LeBron James, kowannensu yana tsakiyar ganiyarsa, sun yi takakkiya har Houston domin ya nuna musu inda ake dasa ƙafa da lokacin da ake juyawa.