Kafin Ka Sayi Amfilifayar Kunne: A Nan Ji Ne Ya Kori Gani

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Ikko ko Badun, irin gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna, ya san halin da mai son sauraron kiɗa yake ciki. Da ka ƙara muryar akwati, sai maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa. In kuwa ka rage, ƙarar janareto da ta motoci su danne maka kome. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba, Shagamu da Fatakwal suka koma ga abin sawa a kunne, wanda samari ke kira hedifon, domin mutum ya ji Shata ko Ɗan Maraya, ko karatun Alƙur'ani, ba tare da ya shiga hakkin kowa ba.

To, amma sau da yawa mutum yakan tara kuɗi ya sayi babban hedifon mai tsada, ya jona shi da wayarsa, sai ya ji sauti ya fito siriri kamar na rediyo mai raunin batir. Kalangu ba nauyi, muryar mawaƙi kuma tana sukar kunne. Daga nan sai a ba shi shawara ya nemi amfilifaya, watau ƙaramar na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa kunne. In ya shiga kasuwar Alaba, mai shago zai ce masa wannan ita ce mai “sauti mai ɗumi”, ya kuma ɗora kuɗi a kan kalmar. Kafin a biya, ya kamata a san abin da ake saye.

MENE NE SAUTI MAI ƊUMI?

Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga mai girgiza 20 har zuwa mai girgiza 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da Turawa suke kira ɗumi shi ne a ƙara ɗan kauri a sautin ƙasa, wajen girgiza 100 zuwa 300, inda ƙugin ganga da kaurin muryar namiji suke, sa'an nan a tausasa sautin sama mai tsini. Mu da Hausa sai mu ce sauti mai kauri da taushi, wanda ba ya gajiyar da kunne.

Dattawan da suka ga manyan akwatunan rediyo na da, masu ƙwayayen gilas da ake kira bawul, waɗanda sai sun yi zafi kafin su yi magana, sun san irin wannan sauti. Bawul yakan ƙara wani ɗan amo a bisa kowane sauti, mai girgiza ninki biyu na asalin, kamar yaro mai siririyar murya yana bin uban waƙa a hankali. A wurin injiniya wannan gurɓata ce, amma kunne yana jin daɗinta.

Taransista kuwa, wadda John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley suka ƙago a Amurka cikin 1947, har aka ba su lambar Nobel a 1956, ita ce ta ture bawul daga kasuwa. Ba ta fashewa kamar gilas, ba ta cin wuta da yawa, ba a kuma canza ta bayan 'yan shekaru. Ga mai zaman baƙunci, wanda ko yaushe yana iya ɗaure kaya ya hau mota zuwa Arewa, ita ce ta fi dacewa. Sai dai amfilifayar taransista mai kyau an yi ta ne don ta fitar da abin da aka ba ta, ba ƙari ba ragi. Saboda haka yawancin ɗumin da mutum zai ji daga hedifon ɗinsa yake fitowa, da kuma yadda aka ɗauki waƙar tun farko. Wanda ya sayi hedifon mai tsinin murya, da wuya amfilifaya ta sāke masa hali.

LAMBOBIN DA ZA A DUBA

A jikin kwalin kowane hedifon akwai lambar da ke nuna yadda yake turje wa lantarki, ana auna ta da om. Ƙananan na waya yawanci om 16 ne zuwa 32. Amma Sennheiser HD 600 da HD 650 om 300 ne, Beyerdynamic DT 770 kuma ana yin sa iri-iri, akwai na om 32, da na 80, da na 250. Masu babbar lamba su ne waya ba ta iya turawa sosai, su ne kuma suke bukatar amfilifaya. Mai na om 32 wanda ya riga yana ji da ƙarfi, watakila bai bukaci ya kashe ko kwabo ba.

Ita ma amfilifaya tana da tata lambar om a bakin fitar sauti. Ƙa'idar da masana suke bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na lambar hedifon. Misali, hedifon mai om 32 yana son amfilifayar da ba ta wuce om 4 ba. In lambarta ta yi yawa, a wasu hedifon sautin ƙasa yakan kumbura, mutum ya ɗauka ɗumi ne, alhali ganga ta rasa tsantsanta, duka ɗaya yana shiga cikin ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ake kira 'yan rukunin A, irin da Nelson Pass na Amurka ya yi suna da su. Waɗannan suna jan wuta ko da ba a kiɗa, jikinsu kuma yana yin zafi ƙwarai. Masu su suna yaba taushinsu, amma kada mai shago ya ɗora hannunka a kan ƙarfe mai zafi ya ce ɗumin ke nan. A zafin Ikko suna bukatar wuri mai iska, kuma suna saurin shanye batirin inbata. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi mai maɓallin ƙara kauri, kamar iFi Zen Can, ko kuma a gyara sautin daga cikin wayar kanta, wanda ba ya cin ko sisi.

HATTARA DA WUTA

Wutar ƙasar nan bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Kayan tokumbo da yawa daga can suke zuwa. Ni kaina na taɓa sayen wata a hannun wani mai shago, ban duba bayanta ba, ina jona ta sai hayaƙi da ƙauri. Kuɗin wata guda suka tafi a ƙiftawar ido. A karanta abin da aka rubuta a bayan na'ura, in 110 ko 120 ne kawai, sai da taransifoma mai rage wuta. A kuma haɗa da sitabilaiza, gama kowa ya san yadda wuta take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke.

KA TAFI DA KUNNENKA

Kada a yi cinikin biri a sama. Ranar sayayya ka tafi da hedifon ɗinka, da waƙoƙi biyu ko uku da ka sani kamar yunwar cikinka. Kuntigin Ɗan Maraya zai nuna maka ko sautin sama yana suka, kalangun Shata kuma ya nuna ko na ƙasa yana da nauyi ba tare da ya dagule ba. In za ka gwada biyu, ka daidaita ƙarfinsu, domin wadda ta fi ƙara kullum ita ce takan yi kamar ta fi daɗi, masu shago kuwa sun san haka. Ka tsayar da kiɗan ka saurara ko akwai huci ko gunji. Ka murɗa maɓallin ƙara a hankali, ka tabbata kunnen dama da na hagu suna tashi tare.

Daga ƙarshe, sauti mai taushi yana da nasa haɗari, don ba ya sukar kunne, sai mutum ya yi ta ƙarawa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada baligi ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, in ƙara ta ƙaru kuma lokacin ya ragu. In ka cire hedifon ka ji kunne yana ƙara shi kaɗai, to ka wuce gona da iri. Amfilifaya in ta lalace akwai wata a Alaba, amma ji in ya tafi ba kasuwar da ake sayar da shi. Allah ya tsare mana lafiyarmu, ya mai da kowa gida lafiya, amin.