Darduma Ta Tattare? Ga Dalili, Ga Magani

Yau da wuya ka shiga ɗakin amarya a Yamai, Maraɗi ko Damagaram ba ka taka darduma ba. Amma sau da yawa, kafin shekara ta kewayo, sai mu ga ta yi tudu-tudu, bakinta ya tashi. Abin ya wuce maganar kwalliya. Tudun nan shi ke sa tsoho tuntuɓe, ko yaro ya faɗi da kofin shayi mai zafi, kuma daga nan darduma ke fara cinyewa.

Dalilan da muka fi gani uku ne. Na farko ninkewa kamar zane, wanda ke karya bayanta ya bar mata kari. Na biyu danshi. Dardumomi da yawa da ke zuwa mana daga Turkiyya, musamman birnin Gaziyantef, ana saƙa bayansu da irin zaren buhun algarara, wanda ke shan ruwa ya tsuke. Idan wani gefe ya bushe kafin wani, dole ta karkace. Na uku jan kujeru da gado a kanta.

Idan ta riga ta tattare, kada a yi gaggawa. A naɗe ta ta ɓangaren da ya saɓa wa lanƙwasar, a ɗaure, a bar ta kwana 1 ko 2. Bayan an warware, sai a kife ta a wuri mai tsabta ta sha hantsi kamar awa 1, don ɗumi ya sassauta bayanta. Ranar tsaka ta bazara kuwa koɗar da launi take yi. Daga nan a mayar da ita ɗaki, a danne wurin da faffaɗan katako, a ɗora masa buhun shinkafa ya kwana.

In kari ya ƙi fita, a shimfiɗa tawul mai ɗan danshi a bayanta, a goga sama-sama da wuta kaɗan. A nan ne muke jan kunnen matan gida. Galibin dardumomi masu araha zaren roba ne, wanda ke narkewa a wajen digiri 160, alhali dutsen guga na lantarki kan kai digiri 200 idan an ƙure shi. Na gawayi kuwa ba shi da ma'auni, gara a nisanta shi. Wurin da ya narke ba ya gyaruwa.

Amma dai rigakafi ya fi magani. In za a ajiye darduma, a naɗe ta a jikin gora ko bututun roba, a kwantar da ita, kada a jingina ta tsaye. Bayan wanki a shanya ta a kwance, domin rataya ta a igiya ko katanga na sa nauyin ruwa ya ja ta. Kada a shimfiɗa ta a daɓen da bai bushe ba, musamman da damina. A daɓe mai santsi, a sa shimfiɗar roba a ƙarƙashinta. Kujera kuwa a ɗaga ta, kada a ja. Duk wata 6 a juya dardumar, gabas ya koma yamma, don kada gefe guda ya sha tattaki shi kaɗai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da kuka ga tudu ya fara, ranar ce ta gyara.